Ina Shamuwa Ke Cin Rani?

A ƙofar gidan da na tashi akwai wata tsohuwar tsamiya, kuma kowace shekara, idan zafin bazara ya kai maƙura, sai mu wayi gari mu ga shamuwa ta sauka a kanta tana jido ƙirare. Ranar nan kakana zai sa a fito masa da sungumi, a duba irin da ke cikin rumbu, ko da kuwa babu ɗigon hadari a sama. Ba a jifan ta, ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa sai ya sha bulala. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai a neme ta a rasa. Na taɓa tambayar kakan nawa inda take zuwa, ya ce mini, "Ruwa ta bi, ɗan nan. Inda ya tafi can ta tafi." Amsar ta fi ƙarfin wayona a lokacin. Sai da na girma na gane cewa tsohon ya fi wasu manyan malaman Turai kusa da gaskiya.

Su Turawa tambayar ta fi damun su, domin idan hunturu ya kawo jiki tsuntsayensu da yawa ɓacewa suke yi baki ɗaya. Aristotul, masanin nan na Girka da ya rayu fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya yi daidai a wani wuri, inda ya rubuta cewa dangin gauraka sukan taso daga filayen arewa su tafi fadamun kogin Nilu. Amma da ya zo kan ƙananan tsuntsaye sai ya kauce. Ya ce tsattsewa ɓuya take yi a ramuka har sanyi ya wuce. Ya kuma lura cewa wani tsuntsu na ɓacewa daidai lokacin da wani ke bayyana, sai ya yanke hukuncin cewa tsuntsu ɗaya ne yake rikiɗa. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, fassarar ce ta karkace. Da yake kuma sunansa ya yi nauyi, sai maganar ta zauna daram kusan shekara 2,000.

Har ƙari aka yi mata. A 1555 wani babban limamin coci ɗan ƙasar Siwidin, Olaus Magnus, ya fitar da littafi ɗauke da zanen masunta suna jawo koma cike da tsattsewa daga ƙarƙashin ruwan tafki, wai a cikin taɓo take kwana har bazara. Carl Linnaeus kansa, mutumin da ya shimfiɗa tsarin sunayen halittu da ake amfani da shi har yau, ya amince da wannan zance. Wani malami ɗan Ingila, Charles Morton, ya ƙi yarda da labarin taɓo, ya ce tunda an duba ko'ina a ƙasa ba a ga tsuntsayen ba, to duniyar wata suke tafiya, har ya yi lissafin tafiyar kwana 60. Abin dariya ne a yau, amma ni ina ganin Morton ya fi masu taɓo hankali: ya gane cewa tafiya suke yi, masauƙin ne kawai ya ɓace masa.

Cikin ƙarni na 18 wani Bajamushe, Johann Leonhard Frisch, ya yi dabara mai sauƙi. Ya rina zare da launin da ruwa ke wankewa, ya ɗaura a ƙafafun tsattsewa. Da suka dawo a bazara, launin na nan. Ashe ba su kwana a ruwa ba. To amma ina suka je?

Amsar da ta girgiza kowa da ƙafarta ta zo, ko in ce da fiffikenta. A watan Mayu na 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai, wadda ta fi tamu girma, mai jan baki da jajayen ƙafafu. Mashi ne ya soke ta a wuya, ya shiga ta ƙasa ya fito ta sama, tsawonsa kimanin santimita 80, kuma da aka duba itacen da ƙirarsa sai aka ga na tsakiyar Afirka ne. Wani maharbi a wannan nahiya tamu ya yi jifa ya samu, nama ya tashi da makaminsa, ya ƙetare hamada da shi, ya kai shi Jamus. Wataƙila ya koma gida ran nan yana takaicin asara biyu, ba nama ba mashi, bai san ya aika wa masanan Turai wasiƙar da ta kashe musu gardama ba. An busar da tsuntsuwar, tana nan har yanzu a Jami'ar Rostock da mashinta a wuya. Jamusawa suna kiran irinta Pfeilstorch, wato shamuwar kibiya, kuma bayan ta an samu wasu fiye da 20.

Darasin mashin nan shi ne, muddin ana son sanin hanyar tsuntsu, sai an sa wa guda ɗaya alamar da za a gane shi da ita a wani wuri. Wanda ya mayar da wannan sana'a wani malamin makaranta ne a garin Viborg na ƙasar Denmark, Hans Christian Mortensen. A 1899 ya yanka ƙananan zobba na gorar ruwa, ya buga wa kowanne lamba da adireshi, ya maƙala su a ƙafafun tsuntsaye sama da 160. Duk wanda ya tsinci tsuntsun, a raye ko a mace, sai ya rubuto wasiƙa ya faɗi wuri da rana. Ba a jima ba dabarar ta yaɗu. A 1901 Johannes Thienemann ya buɗe tashar nazarin tsuntsaye a Rossitten, bakin tekun Baltik, a 1909 kuma Birtaniya ta fara nata sa zoben. A watan Mayu na 1911 aka sa wa wata tsattsewa zobe a yankin Staffordshire na Ingila. A Disambar 1912 aka kama ta a wata gona a Natal, can Afirka ta Kudu, tazarar da ta haura kilomita 9,000. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce giram 20 ba.

Aikin zobe aikin haƙuri ne. A ƙananan tsuntsaye, sau da yawa ko ɗaya cikin ɗari ba a sake jin labarinsa. Amma sannu ba ta hana zuwa. Wasiƙa bayan wasiƙa, daga manomi, daga maharbi, daga ma'aikacin gwamnati a wani lungu, taswira ta fara fitowa. Aka gano cewa farar shamuwa ba ta son ƙetare Bahar Rum ta tsakiya. Dalili kuwa, ita ba mai yawan kaɗa fiffike ba ce. Kamar ungulu da shirwa, iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa take hawa, ta yi ta kewaya har ta yi sama, sannan ta sulalo zuwa ga wata. A kan teku babu irin wannan iska. Shi ya sa na yammacin Turai suke bi ta mashigar Jibralta su sauko Maroko, su ƙetare hamada zuwa Senegal, Mali, Nijar da arewacin Nijeriya, na gabas kuma su bi ta Istanbul, su gangaro ta ƙasar Sham da Sina'i, su bi Nilu zuwa Sudan da Chadi, wasu har ƙarshen kudancin Afirka.

Zobe yana faɗin inda aka tashi da inda aka faɗi ne kawai. Abin da ke tsakani, musamman na dare, yaƙi ne ya tona shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu masu gadin na'urar rada a Ingila sukan ga wasu ɗigo-ɗigo suna tafiya a allo, a tura jirage a tarar babu komai. Suka laƙaba musu suna mala'iku. David Lack, masanin tsuntsaye da aka ɗauka aikin rada, shi ya dage cewa tsuntsaye ne, kuma gaskiyarsa. Daga nan aka gane cewa mafi yawan ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya, cikin sanyin iska, a sama can inda ido ba ya kaiwa.

Daga nan tambayar ta sauya. An san inda suke zuwa, saura yadda suke gane hanya, kuma nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Tsuntsu mai cin rani, ko a keji aka kulle shi, idan lokacin tafiya ya yi sai ya kasa zama, ya yi ta tsalle yana fuskantar inda ya kamata ya nufa. A wajen 1950 Gustav Kramer a Jamus ya yi amfani da wannan hali. Ya sa madubai a tagogin keji yadda hasken rana zai shigo ta wata kusurwa dabam, sai tsuntsun ya juya alƙiblarsa daidai gwargwadon yadda aka karkatar da ranar. Ke nan rana yake dubawa, kuma yana da agogo a jikinsa da ke gaya masa inda ya kamata ta kasance da hantsi ko da la'asar. Masu tafiyar dare fa? Franz Sauer da matarsa Eleonore suka kai su wani ɗaki mai rufin ƙubba da ake haska taurarin ƙarya a jikinsa, tsuntsayen suka bi taurarin. Stephen Emlen a Amurka ya ƙara gaba. Ya ƙera keji kamar mazurari da takarda, ya zuba tawada a gindinsa, duk inda tsuntsu ya yi tsalle sai ƙafarsa ta bar sawu, da safe a ƙirga. Ya rena 'yan tsaki a ƙarƙashin sararin ƙarya da ke juyawa a kan wani tauraro dabam, da suka girma sai suka ɗauki wannan tauraron a matsayin arewa. Ashe ba a haife su da taswirar sama ba. Tun suna sheƙa suke kallon yadda taurari ke kewaya, su riƙe wurin da ba ya motsi. Madugan da suka riƙa ƙetare hamada da ayarin raƙuma da dare za su gane wannan karatu.

A 1972 Wolfgang da Roswitha Wiltschko a Frankfurt suka nuna cewa akwai kamfas na uku. Suka kewaye keji da naɗin waya mai sauya alƙiblar maganaɗisu, a ɗakin da ba rana ba taurari, tsuntsun ya riƙa juyawa yadda suka juya maganaɗisun.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai na wani ɗan Holand ne, Albert Perdeck. Tsakanin 1948 da 1957 ya kama tsuntsaye kimanin 11,000 suna kan hanyarsu ta zuwa arewacin Faransa da Ingila, ya sa musu zobe, ya ɗauke su a jirgin sama zuwa Suwizalan, tazarar kilomita 600 ko kusa, ya sake su. Manyan, waɗanda suka taɓa yin tafiyar, suka gane an sauya musu wuri, suka karkata suka nufi masauƙinsu na kullum. 'Yan bana kuwa suka miƙe sak a kan kusurwar da suka gada, suka ɓulla kudancin Faransa da Sifen. Yaro yana da kamfas, babba yana da kamfas da taswira. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ko da kuwa yana da fiffike. Daga baya masana a Jamus suka haɗa aure tsakanin tsuntsayen da ke nufar kudu maso yamma da 'yan uwansu masu nufar kudu maso gabas, 'ya'yan suka fuskanci kudu tsakiya. Kusurwar a cikin jini take.

Duk wannan aiki a Turai da Amurka aka yi shi, alhali rabin rayuwar tsuntsayen a wajenmu take. Mutumin da ya fi kowa jan hankali ga wannan gefen shi ne Reginald Moreau, ma'aikacin gwamnatin Birtaniya da ya zauna a Masar da Tanganyika. A littafinsa da ya fito a 1972, bayan rasuwarsa, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye biliyan 5 ke shigowa Afirka kowace shekara. Wani lissafi na 2009 ya rage adadin ƙananan zuwa biliyan 2.1. Moreau ya kuma yi mamakin abin da mu muka saba gani: baƙin suna isowa ne daidai lokacin da damina ta ɗauke, su zauna cikin rani ƙasa na ƙara bushewa, sannan a watan Maris da Afrilu, lokacin da komai ya ƙone, su tara ƙarfin ƙetare hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000. A shekarun 1960 masu bincike sun kafa raga a Malamfatori, bakin tafkin Chadi, da Vom kusa da Jos, suna kama tsuntsaye suna aunawa. Idan aka hura gashin ƙirjin tsuntsun sai a ga kitse rawaya ya cika ƙarƙashin fata. Wasu kan kusan ninka nauyinsu cikin 'yan makonni. Kitsen nan shi ne guzurinsu, kuma daga ƙwarin fadamunmu da 'ya'yan itatuwanmu suke tara shi.

A bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke kuka a kowane shinge, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Aka duba gonakin Ingila ba a ga laifi ba. Sai a 1974 aka haɗa lissafin: daminar 1968 ce ta gaza a yankin Sahel, mafarin farin nan da ya kai ga yunwar 1973, wadda tsofaffinmu ba sa mantawa. Farin da ya kashe shanu a Damagaram da Borno shi ya sa shingen Ingila ya yi shiru. Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Fadamar Haɗeja da Nguru, inda dubban agwagin ruwa daga Turai da Rasha ke sauka, ita ma ambaliyarta ta ragu bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ga kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa da baƙon tsuntsu, ruwa ɗaya suke jira.

Yanzu zamanin na'ura ne. Manyan tsuntsaye ana goya musu ɗan akwati mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ko ta layin waya. Ƙanana kuma ana ɗaura musu wani abu da bai kai giram ɗaya ba, wanda aikinsa kawai rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta. Tsawon yini yana nuna nisan tsuntsu daga tsakiyar duniya, lokacin da rana ta take tsaka kuma yana nuna gabas yake ko yamma. Wahalar ita ce sai an sake kama tsuntsun baɗi kafin a karanta. Abin da aka gani ya wuce duk hasashen Morton. A 2007 wata tsuntsuwar bakin ruwa mai dogon baki ta tashi daga Alaska ta sauka Niyuzilan, kilomita 11,680, ba ci ba sha ba sauka, cikin kwana takwas da 'yan sa'o'i. A 2022 wani ɗan wata biyar daga irinta ya yi kilomita 13,560 zuwa Tasmaniya cikin kwana 11. A 2016 masana a Jami'ar Lund ta Siwidin suka nuna cewa wani nau'in tsattsewa kan yi wata goma a sama bai sauka ba, yawancinsu a samaniyar Afirka.

Na'urar ta zo da nata barkwanci. A 2013 wani masunci a Ƙina ta ƙasar Masar ya ga akwati a bayan shamuwa, ya ce 'yar leƙen asiri ce, ta kwana a ofishin 'yan sanda kafin a gane na masu bincike ne. A 2018 wata ƙungiya a Folan ta daina jin ɗuriyar shamuwarta a yankin Shuɗin Nilu na Sudan. Bayan 'yan makonni kamfanin waya ya aiko mata da takardar bashin da ya kai dala 2,700: wani ya ciro layin daga na'urar, ya sa a wayarsa, ya sha hira ta kusan sa'a 20. Tsakanin maharbin 1822 da mai wayar 2018, kusan shekara ɗari biyu ke nan Afirka na aika wa Turai saƙo ta hannun shamuwa, wannan karon dai su suka biya kuɗin.

Tamu shamuwar fa? Ita ba ta barin nahiyar. Sunan da masana suka ba ta a 1823, abdimii, na wani gwamnan Dongola ne a Sudan. A nan Sahel take sheƙa da damina, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsin gona, abin da ya sa manomi bai yi asara ba da ya hana a jefe ta. A farkon shekarun 2000 masu bincike daga Denmark suka goya wa wasu na'ura a Jamhuriyar Nijar. Da ruwa ya ɗauke suka yi gabas da kudu, suka ƙetare tsakiyar duniya zuwa Tanzaniya, wata ta kai har Zimbabwe, inda damina ke sauka lokacin da mu muke cikin hunturu. Ruwa ta bi, kamar yadda kakana ya faɗa. Abin da ke ba ni haushi shi ne sai da baƙi suka zo kafin a rubuta mana hanyar tsuntsuwar da ke kwana a ƙofar gidanmu. Tsuntsayen da ke yawo tsakanin ƙasashen Afirka ba su samu ko kusa da kulawar da aka ba masu zuwa Turai ba, domin kuɗin bincike daga can yake fitowa, kowa kuma nasa yake bi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke tare da Jami'ar Jos ta fara yaye matasan da za su cike wannan gurbi, amma cibiya ɗaya ba ta isa ƙasa mai faɗin tamu ba.

Don haka, mai karatu, idan tarkonka ko komarka ta kama tsuntsu da zobe a ƙafa, ko ka tsinci gawarsa a fadama, ba asiri ba ne kuma ba ɗan leƙen asiri ba ne. Ka duba da kyau za ka ga lamba da sunan wani gari. Ka rubuta su, ka haɗa da rana da sunan wurin, ka ɗauki hoto da wayarka, ka kai wa jami'an gandun daji ko sashen nazarin halittu na jami'ar da ke kusa da kai. Idan yana da rai, ka sake shi da zobensa.